Shirya babban hoton mutum kafin a taɓa fenti: kai tsaye, gidan dara, cikakken zanen takarda ko majigi?

Mai zanen da aka ba aikin hoton mutum mai tsawon mita biyu, na basarake ne ko na shugaban wata makaranta ko na dattijon da 'ya'yansa suke son a rataya a falo, yakan gamu da matsalar da bai saba gani ba a ƙananan ayyuka. A takarda mai girman littafi ido yana ɗaukar kai da ƙafa a kallo ɗaya, amma a babban yadi wanda yake tsaye yana gyaran ido ba ya ganin inda kafaɗa ta faɗa sai ya ja da baya, kuma sau da yawa kafin ya ja ɓarnar ta riga ta auku. Shi ya sa masu wannan sana'a tun ƙarnoni da suka wuce suke fara aikin a takarda, sannan su nemi hanyar ɗauke abin da suka tsara zuwa kan yadi ko bango. Hanyoyi huɗu aka fi bi: zanawa kai tsaye a kan yadin, faɗaɗa ƙaramin zane ta hanyar layukan gidan dara, yin cikakken zane a takarda mai girman aikin a sauke shi a kan yadin, da kuma haska zanen da majigi.

Abin da za a auna su da shi

Ma'auni na farko shi ne daidaito, wato ko hanyar tana kiyaye girman kai a kan girman jiki da tazarar da ke tsakanin ido da hanci da baki, domin kamanni a nan suke, kuma iyalan mai hoton ba su yafe kuskure a fuska ko da tufafin sun fita da kyau. Na biyu shi ne lokacin wanda ake zanawa, abin da sababbin masu zane suka fi mantawa da shi, alhali babban mutum da wuya ya zauna maka fiye da sau ɗaya ko biyu. Na uku kuɗi, na kayan aiki da na kwanakin da za a ci. Na huɗu ƙarko, kuma ƙarko iri biyu ne: na zanen shirin kansa, ko za a iya ajiye shi a sake amfani da shi, da na fentin, ko abin da aka sa a ƙarƙashinsa zai fito ya ɓata shi bayan shekaru. Sai sauƙin koyo, sai kuma haɗari, wato irin kuskuren da hanyar take jawowa da matakin da ake gano shi, domin kuskuren da aka gano a takarda gogewa kawai yake ci, wanda aka gano bayan an shafa fenti kuwa kwanaki yake ci.

Zanawa kai tsaye

A nan mai zane yakan yi 'yan gwaje-gwaje ƙanana, sai ya tsaya gaban yadin da gawayi ko tsinkakken fenti ya sa alamar tsakar kai, haɓa, kafaɗu da hannuwa, ya ci gaba yana gyara yana tafiya. Velázquez, mai zanen fadar Sifen a ƙarni na 17, shi ne misalin da aka fi bayarwa. Zane-zanen takarda da suka rage daga hannunsa kaɗan ne ƙwarai, kuma a hotonsa na Sarki Philip na Huɗu bisa doki, wanda ke gidan ajiye zane-zane na Prado a Madrid, ana iya ganin inuwar inda ya fara sa ƙafafun dokin kafin ya canza musu wuri. Dalilin haka shi ne fentin da ake haɗawa da mai yana rage rufe abin da ke bayansa yayin da yake tsufa, sai abin da aka binne a ƙarƙashinsa ya fara leƙowa. A hannun Velázquez wannan ya zama abin sha'awa ga masu nazari, amma a hoton da iyali suka biya kuɗinsa, hannu na uku da ya fara bayyana a gefen riga ba abin da zai jawo sai ƙorafi.

Hanyar ba ta cin kuɗin takarda ko na'ura, kuma ita ce ta fi ba hoto rai, domin layin da aka ja ana kallon mutum yana numfashi ya bambanta da layin da aka kwafa. Sai dai tana cin fenti, tana buƙatar mai hoton ya zauna sau da yawa, kuma ita ce mafi wuyar koyo. Ko John Singer Sargent, wanda ya shahara da saurin hannu a kan yadi, da ya zo yin hoton matar da aka fi sani da Madame X, mai tsawon fiye da mita biyu, wanda ya nuna a Paris a 1884, sai da ya yi zanen gwaji kusan 30 kafin ya tsayar da yadda za ta tsaya.

Gidan dara

Wannan ita ce tsohuwar hanya. Masu zanen bangon kaburbura a tsohuwar Masar suna jan layuka masu gidan dara don daidaita sassan jikin mutum, kuma har yau ana ganin layukan a bangayen da ba a gama ba. Yadda ake yi shi ne a gama ƙaramin zane a takarda, a raba shi gida-gida, a raba yadin da yawan gidaje iri ɗaya amma manya, sannan a kwashe abin da ke kowane gida zuwa takwaransa. Idan takardar santimita 30 ce a tsaye da 20 a kwance, yadin kuma 180 da 120, an ninka ke nan sau shida: gida mai santimita 2 a takarda ya zama mai 12 a yadi, gidaje 15 a tsaye, 10 a kwance. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne takarda da yadi su zama fasali ɗaya. Idan tsawo ya ninku sau shida faɗi kuma sau biyar da rabi, mutumin zai fito a rame, kuma ba za a lura ba sai an gama.

Jacques-Louis David, mai zanen Faransa, ya dogara da irin wannan shiri a babban hotonsa na naɗin Napoleon sarautar Faransa, wanda ya yi tsakanin 1805 da 1807, mai tsawon kusan mita 6 da faɗin kusan mita 10, cike da fuskokin mutanen da kowa a fadar ya san su. Littattafan zanensa suna ɗauke da mutanen ɗaya bayan ɗaya, da yawansu an ja musu layukan gidan dara, kuma akwai zanen da ya nuna Napoleon yana ɗora wa kansa kambi, alhali a hoton da aka gama matarsa Josephine yake ɗora wa. A zamaninmu kuma Chuck Close na Amurka ya gina aikinsa gaba ɗaya a kan wannan hanya. Hoton kansa da ya gama a 1968 ya kusa mita 3 a tsaye, fuska ce zalla, kuma gida-gida ya kwashe ta daga hoton kyamara. Bayan da jikinsa ya shanye a 1988 ya ci gaba da manyan fuskoki, domin hanyar tana raba babban aiki zuwa ƙananan da hannu zai iya gamawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta fi ta araha, tun da rula, zare da gawayi kawai take bukata, kuma ba ta jiran wutar lantarki. Wanda ya iya awo zai koye ta a aiki ɗaya. Haɗarinta biyu ne. Na farko, kuskure yana ninkuwa tare da zanen: milimita ɗaya a takarda ya zama shida a yadi, kuma milimita shida a kusurwar ido ya isa ya mayar da mutum wani daban. Maganinsa shi ne a sake raba gidajen fuska da hannuwa zuwa ƙanana, a bar na tufafi da girmansu, ko kuma a yi wa fuskar zanenta daban mai girman da za ta kasance a aikin. Na biyu, mai kwasar gida-gida yana iya mantawa da cewa jiki ɗaya yake zanawa, sai layin kafaɗa ya fito a karye. Dole ne bayan an gama kwasa a ja da baya a haɗa layukan da hannu ɗaya. Game da ƙarko, kada a ja layukan da fensir mai ƙarfi ko alƙalamin maka ko biro, domin tawada tana ratsa fenti ta fito, fensir kuma yana leƙowa a ƙarƙashin farin fenti mai laushi. Gara a ɗaura zare a ƙananan ƙusoshi a gefen firam, ko a ja da gawayi mai laushi a kakkaɓe.

Cikakken zanen takarda

A wannan hanya ana haɗa takardu da gam har su kai girman aikin, a zana mutumin a kai daidai da yadda zai fito, sannan a bi layukan da allura ana hudawa. Idan aka manna takardar a kan yadi ko bango aka bubbuga mata ƙunshin garin gawayi, sai ɗigo-ɗigo su sauka ta ramukan, a bi su da siririn buroshi. Wasu kuma suna shafa gawayi a bayan takardar su bi layukan da tsinke. Wanda ya san yadda ake zayyana aska takwas a kan babbar riga kafin mai ɗinki ya sa allura ya san hikimar: an gama shawara tun kafin a taɓa kaya mai tsada.

Misalin da ya fi dacewa shi ne na Hans Holbein, wanda ya zana Sarki Henry na Takwas na Ingila da iyalinsa a bangon fadar Whitehall a 1537. Gobarar 1698 ta cinye bangon, amma ɓangaren hagu na zanen takardar ya tsira, yana gidan ajiye hotunan mutane na ƙasa a Landan, tsawonsa fiye da mita biyu da rabi, da ramukan allurar a jikinsa. Takarda ta fi bango daɗewa ke nan. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai zaɓe ya lura da shi: a takardar fuskar sarkin ta ɗan karkata gefe, amma kwafin bangon da aka yi a 1667 ya nuna shi yana kallon mai kallo gaba da gaba. Wato tsayuwa da faɗin ƙirji da tufafi sun tabbata tun a takarda, fuska kuma an bar mata damar canzawa. Leonardo da Vinci ma ya yi wa Isabella d'Este, wata basarakiya a Italiya, irin wannan zane wajen 1500, an huda shi an shirya, yana gidan ajiye zane-zane na Louvre a Paris a yau, ko da yake hoton fentin bai samu ba.

A ganina babbar fa'idar wannan hanya ba ta cikin ɗakin aiki ba ce, ta wajen mai biyan kuɗi ce. Mutanen da ba su saba da zane ba ba sa iya hango yadda ƙaramin zane zai zama idan ya girma, su amince da shi a takarda ƙarama, su zo su ce kai ya yi ƙanƙanta bayan an ci rabin fenti. Idan aka kafa musu cikakken zane a bangon da hoton zai rataya, gardamar takan ƙare a ranar. Daidaitonta kuma ya fi na kowace, tun da babu ninkawa tsakanin takarda da yadi. Tsadarta lokaci ce, domin an zana aikin sau biyu, ga kuɗin manyan takardu da buƙatar fili. Takarda kuma tana shan laima ta miƙe da damina ta takure da hunturu, saboda haka a buga ta a rana ɗaya, kada a fara yau a ƙarasa mako mai zuwa. A guji takardar kabon ta ofis, domin maiƙon da ke jikinta yana hana fenti kamawa kuma launinta yana iya ratsowa. Garin gawayin da ya sauka a yadin a bi shi da tsinkakken fenti, a kakkaɓe ragowar kafin a fara, in ba haka ba zai gauraya da launin fata ya dusashe shi.

Majigi

Majigi ya fi kowace sauri: a haska hoto ko zane a kan yadin cikin ɗaki mai duhu, a bi layukan, cikin awa ɗaya an gama abin da gidan dara zai ci wuni. Ba sabon abu ba ne. Norman Rockwell na Amurka ya yi amfani da irin wannan na'ura wajen haska hotunan kyamara, sai dai yakan gyara abin da ya kwafa ya mayar da shi cikakken zanen gawayi kafin ya kai shi kan yadi, kuma wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa.

Na'urar tana da tsada idan saya za a yi, tana buƙatar wuta mara yankewa, kuma idan ta ɗan gusa ana tsakiyar aiki da wuya a mayar da ita daidai, saboda haka a fara sa alama a kusurwoyi huɗu. Idan ba ta fuskanci tsakiyar yadin sosai ba, sama zai fi ƙasa faɗi ko akasin haka. Babban haɗarin dai yana cikin hoton da ake haskawa. Hoton da aka ɗauka da waya a kusa yana kumbura hanci da duk abin da ya fi kusa da kyamara, yana ƙanƙantar da kunnuwa da ƙafafu. A allon waya ido ba ya damuwa, amma a mita biyu laifin yana fitowa fili, kuma majigi yana kwafe shi da aminci. Ra'ayina shi ne a haska zanen da mai zane ya gyara da hannunsa. Idan dole hoton kyamara ne, a ɗauke shi daga nesa, kyamarar tana daidai da ƙirjin mai tsayuwa.

Abin da babu ɗayansu da take warwarewa

Uku daga cikin hanyoyin nan na ɗaukar zane ne daga wuri zuwa wuri, ba su tsayar da yadda mutum zai zauna ko ya tsaya. Ingres, mai zanen Faransa, ya sha wahalar wannan a hoton Louis-François Bertin na 1832. Zane-zanen gwajinsa sun nuna ya fara tsayar da mutumin a tsaye, daga baya ya zaunar da shi a kujera ya dafa gwiwoyinsa da hannuwa biyu, kuma wannan zaman ne ya ba hoton kwarjininsa. Ƙananan zane-zane biyar ko goma na tsayuwa daban-daban, kowanne bai wuce tafin hannu ba, su ne matakin da bai kamata a yi rowarsa ba ko wace hanya aka zaɓa.

Haka nan launi. Holbein yakan rubuta launin tufafi da irin yadinsu a gefen zanen fuska, don ya gama aikin ba tare da mai hoton ya dawo ba. Ga mai zana basarake a ƙasar Hausa wannan ya fi zama dole, domin farar riga da rawani suna cinye mafi yawan filin, fuska mai duhu ta zama ƙaramin wuri a tsakiyar fari, idan kuma an ja amawali ya rufe haɓa da baki, kamannin gaba ɗaya sun koma kan idanu da hanci. Ƙaramin gwajin fenti a kwali shi ne zai nuna ko bayan hoton zai yi duhu ko haske, da irin dusashewar da za a yi wa farin don kada ya danne fuskar. Alkyabba kuma ana iya neman a aiko da ita a sa wa wani mai irin jikin, a zana ninkinta a natse.

| Ma'auni | Kai tsaye | Gidan dara | Cikakken zane | Majigi |
|---|---|---|---|---|
| Daidaito | Gwargwadon hannu | Mai kyau in an yi awo | Mafi kyau | Gwargwadon abin da aka haska |
| Lokacin mai hoto | Zama da yawa | Zama ɗaya ko biyu | Zama ɗaya ko biyu | Kaɗan ko babu |
| Kuɗi | Asarar fenti | Mafi araha | Takarda da kwanaki | Na'ura da wuta |
| Ƙarko | Gyara na iya leƙowa | Layuka na iya leƙowa | Ana ajiye takardar | Babu abin ajiya |
| Sauƙin koyo | Mafi wuya | Mai sauƙi | Matsakaici | Mafi sauƙi |
| Babban haɗari | Gano kuskure a makare | Ninkuwar kuskure | Miƙewar takarda | Murguɗewar fasali |

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Ɗalibi ko wanda wannan ne babban aikinsa na farko ya ɗauki gidan dara, ya yi wa fuskar zanenta daban mai cikakken girma. Hanyar ba za ta ci masa kuɗi ba, kuma yana kwasa yana koyon awon jiki, abin da majigi ba zai koya masa ba.

Wanda hukuma ko fada ko kwamiti suka ba aiki, inda mutane da yawa suke da bakin magana, ya yi cikakken zanen takarda ko da zai ƙara masa mako guda, ya sa su amince da shi a wurin da hoton zai rataya kafin ya buɗe fenti. Haka nan wanda zai yi aiki a bango yana bisa tsani, da wanda ake sa ran zai sake yin hoton sau biyu ko uku don ofisoshi daban-daban, domin takarda ɗaya za ta yi masa duka. Idan mutane da yawa ne a hoton, ya fi kyau a haɗa biyu: gidan dara don tsara inda kowa zai tsaya, cikakkiyar takarda don kowace fuska.

Wanda aka kawo wa tsohon hoton mamaci guda ɗaya, kuma aka tsayar masa da ranar taro, majigi zai fisshe shi, da sharaɗin ya fara zana fuskar a takarda ya nuna wa waɗanda suka san mamacin, sannan ya haska zanen da suka yarda da shi. Kai tsaye kuwa na wanda ya daɗe a sana'ar ne, wanda mai hotonsa yake kusa kuma yake da haƙurin zama, kamar ɗan uwa ko abokin aiki, kuma hoton daga ƙirji zuwa sama ne. Idan ya kai ga cikakken mutum a tsaye, ko shi ya kamata ya auna tsawon kai a takarda ya sa alamar ƙugu da gwiwa da tafin ƙafa a yadin kafin ya fara fuskar.